Daminar da Hajjo Ta Bayar Aro

Gwarzo, watan Mayu

Zuwa ga Adda Hajjo, a Gude.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya zafi, ya mutanen gida? Na kira wayarki har na gaji, kullum a kashe, shi ya sa na ba Mudassir direba wannan takarda.

Albishirinki. Idan yara suka samu dogon hutu zan kai iyalina ƙasar Malesiya mu huta, kuma har da ke. Can ma damina ce a lokacin, baƙi ba sa cika zuwa, masauki da jirgi duk sai su yi sauƙi. Khairiyya ba za ta iya da yara uku ita kaɗai ba, ni kuwa na ce mata wa ya kai Adda iya riƙon yaro? Ke kika goye ni bayan rasuwar Inna, ga ranar sakayya ta zo.

Na san za ki ce gona. Ki rabu da gonar nan bana, ki ba wani aro. Akwai fasfo, akwai allura, akwai zirga-zirgar Kano, dole ki tare a nan tun farkon damina. Shekara nawa kina duƙe da fartanya, me kika tara? Ki shirya kawai, zan turo mota.

Ƙaninki,
Alhaji Badaruddeen

Gude, watan Yuni

Zuwa ga ƙanena Badaru.

Wa alaikumus salam. Goro, fari ƙal! Ina gaishe ka, ina gaida Khairiyya da 'ya'yana, ya aiki, ya ruwa? Wayar nan tun da ta faɗa ƙwaryar nono ba ta ƙara magana ba, ka yi ta aiko takarda, karatun Islamiyyar matan aure bai tafi a banza ba.

Ba zan ɓoye maka ba, da na kai kan maganar gona gabana ya faɗi. Tun rasuwar maigidana Malam ita ce cina, ita ce suturata. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, kowa ya fita da sungumi, ni ina zaune ina kallon damin irina kamar marar lafiya. Amma na ce wanda ka goya in ya ce zo, ba a tambayarsa ina. Na ba maƙwabcinmu Malam Jalo aron gonar a gaban mai unguwa, har irin na haɗa masa don kada ƙwari su cinye a rumbu. Ka dai san al'ada, ba za ta dawo hannuna ba sai ya cire amfaninsa.

Na bi gida-gida na yi sallama, na nemi gafarar kowa kamar mai tafiya hajji. Ƙawata Gwamma har da kuka, ta ƙullo min dakkuwa, wasu ƙuli-ƙuli, wasu garin yaji. Kowa da saƙonsa. Gwamma lema take so, tunda na ce mata ƙasar ruwa ce. Na ɗinka atamfa biyu, tela ya ce ɗinkin 'yan birni ya yi min, ni dai na ga wuyan ya yi faɗi.

Ka tambayo min, in ana tsawa jirgin yakan samu wuri ya fake? Kuma suna da gero a can, ko in daka gari in tafi da shi? Kada ka yi min dariya, kai ma da tsoron jaki ka tashi.

Kayana a ɗaure suke bakin ƙofa, duk ƙarar motar da na ji sai na leƙa. Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka.

Addarka,
Hajjo

Gwarzo, watan Yuli

Zuwa ga Adda Hajjo.

Assalamu alaikum. Ina yini, Adda, ya damina, ya haƙuri da mu? Yara suna gaishe ki. Alhaji ya so ya rubuto da kansa, aiki ya sha masa kai, shi ne ya ce in sanar da ke.

An samu ɗan canji. Ƙanwata Zinnira ta gama jarrabawa, da ita za mu tafi. Tana jin Turanci, ta san yadda ake shiga otal a fita. Kada ki ji haushi, Adda, gaskiya ɗaya ce, wurin ba irin naki ba ne. Da cokali mai yatsu ake cin abinci, ga warin man shanun nan da ba ya barin kayanki, a jirgi kuwa ba a buɗe taga. Mu ma muna da mutuncin da za mu kare.

Mudassir ya ba mu labari wai kin zaga gari kina sallama har da karɓar guzuri. Wallahi mun yi dariya har da hawaye. Wa ya aike ki, ko hoton fasfo ba a ɗauka ba? Amma na samo miki mafita. Gidan zai zama ba kowa, ɗakin baƙi yana yoyo, ga ragunan Alhaji. Ki taho da sassafe kafin mutane su fito, ki zauna mana a ciki kina tara bokiti. Kada ki leƙa ko ƙofar gida, kin san 'yan Gude suna cin kasuwar Gwarzo. In mun dawo sai mu ba ki lemar da 'yan tarkace ki je ki raba, Zinnira ta koya miki abin da za ki ce kin gani. Kin ga kin fita kunya, mu ma hankalinmu ya kwanta.

Ki huta lafiya.

Taki,
Khairiyya

Gude, watan Yuli

Badaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida yara. Takardar matarka ta iso. Ba ita zan ba amsa ba, don ba ita na goya ba.

Jiya na bi ta gonar. Geron Malam Jalo ya kai ƙugu, kore shar. Irina ne, kuma takin awakina ne da na kwashe rani ina kaiwa a ka. Ya hango ni ya ce, "Hajjo, ashe ba ku tashi ba?" Na buɗe baki in roƙe shi ko gefe guda, sai na tuna lokacin shuka ya wuce, kuma ba a karɓar aro da amfani a tsaye. Na ce masa Allah ya sa albarka, na wuce.

Ba zan zo in ɓuya a gidanka ina tara bokiti ba. Na kwance kayana, na sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, na mayar da guzurin da bai lalace ba, na faɗi gaskiya. Yanzu a bakin rijiya Hajjo 'yar jirgi suke kirana. Wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne rumbu. Ɗan abin da ya rage ba zai kai ni kaka ba, da kakar kuma sai dai in bi bayan matan Malam Jalo ina kala a gonata.

Ban taɓa roƙonka komai ba, ka sani. Raina ya ɓaci, Badaru, ɓacin da ban yi ba ko ranar da aka fita da gawar Malam. Kai ka ce in ba da gonar. Ka zo da ƙafarka kafin ku tashi, ka dubi idona ka gaya min abin da zan ci bana.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare min yaran.

Hajjo

Gwarzo, watan Oktoba

Zuwa ga Adda Hajjo.

Assalamu alaikum, ya gida, ya aikin kaka? Mun dawo lafiya tuntuni. Tafiyar dai babu daɗi, ruwa ba dare ba rana, yara ko bakin teku ba su taka ba. Kin huta da ba ki je ba.

Takardarki ta zo muna tsakiyar haɗa kaya, ban samu na buɗe ba, yanzu kuma ban san inda aka jefa ta ba. Ƙin zuwanki ya sa ruwa ya lalata kafet ɗin ɗakin baƙi, amma na ce wa Khairiyya a bar maganar, na yafe miki.

Na ga sabon gero ya shigo kasuwa, har yau ban ga buhun da kike aiko mana duk kaka ba. Kin san ba na shan furar geron kasuwa. Ki ba Mudassir ranar Juma'a, kuma ki zaɓo mai kyau.

Ƙaninki,
Alhaji Badaruddeen