Mashin ɗin Baba Ya Tashi

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya iyali da yara? Mu nan Tambuwal lafiya lau.

Albishirinka, mashin ɗin marigayi Baba, wanda Kawu yas so a sayar wa masu sayen ƙarafa, ya tashi. Wata fuɗu ni da bakanike muna fama da shi, sai a Kebbe munka samo kafireto wajen wani tsoho. Ran Juma'a da hantsi na tashe shi a tsakar gida. Inna ta fito da ludayi a hannu, tat tsaya cak. Tac ce, "Kada ka kashe, bari in ƙara ji."

Ban hau shi ba tukuna. Kai ne babba, sai ka zo.

A sa mu cikin addu'a, Baba kuma Allah ya jiƙanshi. Gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Sani