Kunnuwan Keziah

Litinin, 3 ga Maris, 1834

Shekara biyu ke nan da Absalom mai keken doki ya ce mini wai matan da ke aiki a masaƙar tururi ta cikin kwari ba sa magana da murya. Wai ƙarar injuna ta cinye musu kunnuwa, sai dai su riƙa motsa baki kamar kifi, 'yar'uwarsu ta gane daga can ƙarshen ɗaki. Dariya na yi har ƙoshiyar saƙa ta kuɓuce mini. Absalom ɗin da ya taɓa rantsuwa ya ga tunkiya mai kai biyu a kasuwa.

Yau 'yata Keziah ta fara aiki a can. Ta fita tun gari bai gama wayewa ba. Ban raka ta ƙofa ba, na yi kamar ina gyaran zare.

Alhamis, 6 ga Maris

Ni da kaina nake naɗa zaren saƙa a kwarkwaro yanzu. Shekara goma sha biyar tana zaune a hagu da ni tana naɗi, ina saƙa ina ba ta labaran da na ji a bakin kakata. Ɗazu na tsinci kaina ina ba kujera labari.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ta koyi ɗaga murya. Gishiri za ta ce in miƙo, sai ka ɗauka gobara ce ta tashi. Na ce ni ne tsohon, kuma kunnena ƙalau yake. Ta ce ƙarar ba ta fita daga kanta sai ranar Lahadi da yamma, ga shi kuwa Litinin na jira a bakin ƙofa. Na murza mata auduga da kakin zuma ta toshe kunne. Kwana biyu ta dawo mini da su, wai ƙarar ba ta kunne kaɗai take shiga ba, ta tafin ƙafa take hawowa har haƙora.

Lahadi, 8 ga Yuni

A coci na gani da idona. Mai wa'azi na tsakiyar maganar wuta, sai ga Keziah da ƙawarta Tabitha, layi shida tsakaninsu, suna buɗe baki suna rufewa, ko numfashi ba ka ji. Can Tabitha ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. A hanyar gida na tambayi abin da ya ba su dariya. Ta ce ba komai. Wato yanzu 'yata tana da wani yare wanda ubanta bai iya ba, kuma mai masaƙa ne ya ba ta, kyauta.

Ban gaya wa Absalom ba. Ba zan ba shi wannan daɗin ba.

Laraba, 2 ga Yuli

Hayaƙin kwari ya kai har kan shanyarmu.

Lahadi, 17 ga Agusta

Bayan cin abincin rana na ɗauko mata labarin dodon ƙarƙashin gada da mai sayar da man shanu, wanda take so tun tana ƙarama. Ta yi dariya, amma kafin in iso wurin dariyar. Da na lura sai na sauya ƙarshen da gangan, na sa dodon ya cinye mai man shanun har da kwandonsa. Ta gyaɗa kai ta ce daɗinsa bai taɓa raguwa ba. Ashe ba ni take ji ba, tunawa take yi.

Da ta juya tana wanke kwanuka na kira sunanta. Sau uku. Na huɗun ne da na buga tebur ta waiwayo.

Na ce gobe ba za ta koma ba, tun da sauran ji a kunnen hagu, na dama ya riga ya tafi. Ta goge hannu a hankali, ta dube ni.

"To me za mu ci, Baba? Dodon gada?"

Uwarta ma, Allah ya ji ƙanta, haka take yanka mutum ba tare da ta ɗaga wuƙa ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Na saɓa turmin da na saƙa na kai gari wurin dillali. Ya shafa, ya ɗaga shi sama ya duba a haske, ya ce aikin hannun tsofaffi daban ne. Sannan ya ce kada in wahalar da kaina in kawo wani kafin bazara, na inji ya cika masa ɗaki. Yabon na ɗauko na dawo da shi gida.

Na biyo ta ƙofar masaƙar, karo na farko. Daga titi ma sai da na ji haƙarƙarina na kaɗawa. Na tsaya da niyyar in shiga in fito da ita a gaban kowa. Na daɗe a tsaye. Daga baya na tuna dankalin da ke kan wuta, da wadda ta sayo shi, na kama hanyar tudu zuwa gida.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ban sake tayar da maganar ba. Ita ma haka.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Kunnen hagun ma ya soma bin ɗan'uwansa. Tabitha ta zo shan shayi, ina yi wa Keziah magana tana ta ƙura wa fuskata ido kamar mai neman allura a ciyawa. Tabitha, wadda bakinta ba shi da linzami, ta ce laifina ne.

"Baba Enoch, wa zai ga bakinka a cikin wannan dajin? Ko zomo ya shiga sai ya ɓata."

Na ce gemun nan ya girme ta, ya girmi masaƙarsu, kuma zai ga bayan mai ita. Suka dubi juna, leɓɓansu suka motsa. Da ni suke, na sani.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na aske gemun. Kunu yake kamawa, ya dame ni tun tuni, ba don wani abu ba. Fuskar da ta fito ban san ta ba, sai ka ce dankalin da aka fere aka manta.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na jawo kujera kusa da taga, don hasken ya fi kyau a nan. Na ba ta wani labari wanda ban taɓa ba ta ba, a hankali, ina buɗe baki kamar wawa. Ta yi dariya daidai inda ya kamata. Sai da na kai rabi na lura ashe na daina fitar da murya. Maƙogwaro ne, sanyi ya shigo.

Da yamma ta fita ɗebo gawayi, ta tsaya a tsakar gida ta bayan gilashin taga. Ta nuna kunnuwanta biyu, ta ce sun tafi duka, tun wancan makon, kada in damu, a masaƙa ba a neman su. Tagar a rufe take, kuma ban tambaye ta ta maimaita ba.

Absalom ne ya fara gaya mini. Wadda ta gaya mini a ƙarshe Keziah ce.