Sa Hannun da Na Yi Ina Zaune

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyali. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana faɗan an rage mata gishiri.

Yaya, akwai laifin da na ɓoye maka. Bara kamfanin gine-gine ya kawo taswirar sabuwar unguwa ofishinmu na tsara gari, na sa hannu ina zaune, ban je filin ba. Ruwan farko ya kwanta a harsashin gidaje goma sha biyu, domin kan hanyarsa aka yanka su. Ba wanda ya tuhume ni, wannan ya fi damuna. Na yi wa Allah alkawari ba zan ƙara sa hannu a kan ƙasar da ƙafata ba ta taka ba.

Watan jiya suka kawo kashi na biyu. Mai kamfanin ba mugu ba ne, shi ya shimfiɗa mana titi, amma sauri gare shi. Shugaban ƙaramar hukuma kuma yana son a aza harsashi kafin wata ya ƙare. Ya ce in na ɓata lokaci zai mayar da ni ɗakin ajiyar fayil, in yi ta tsara gari da ɓeraye. Na ce gani ya kori ji, a ba ni kwana uku.

Na tafi filin da injiniyan kamfanin muna jan igiyar awo. A gabas laka ta cire masa takalmi ɗaya, ya tsaya da ƙafa guda yana cewa taswirarsa ba ta san da wannan ba. Fuloti takwas ne a bakin kwari. Na ba da shawarar a bar wa ruwa su, hukuma ta yarje wa kamfanin ya yi bene a kan tudu. Mai kamfanin ya yi gunaguni, sannan ya yarda. Shugaba bai huce ba, ranar Litinin zan koma wurin ɓerayen.

Ina binciken zuciyata ko girman kai ya shiga ciki. Wataƙila ya shiga, Allah Ya yafe mini. Amma a kan fulotin nan ba ni da shakka.

Ka gaida matarka da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu. Alkawarin kuwa na cika shi: sai da na taka filin kusurwa zuwa kusurwa kafin na sa hannu.

Ƙanwarka.