Sauran Minti Uku na Muryar Nafi'u

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da ke kawo mana shirin azumin 'yan uwanmu na ƙasashen waje.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina yi maka barka da shan ruwa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Sanusi, manomin albasa ne a Aliero. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma tun ina makaranta na saba da rubuta abin da ya faru da ni kowace rana a cikin littafi. Na faɗi haka ne don a san ranakun da zan ambata ba daga ka nake kawo su ba. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagewa, domin ban tabbata ko laifinku ya fi nawa yawa ba. Har yanzu ban tabbata ba. Amma sau biyu na zo ofishinku ban samu ganinka ba, ga shi yau ashirin da uku ga wata, shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani.

1. Mu uku ne maza a ɗakin mahaifiyarmu: ni, sai Nafi'u, sai autanmu Bashar. Shekara biyu ke nan Nafi'u yana Aljeriya yana leburancin gini. Ranar huɗu ga azumi mai gabatar da shirinku ya yi shela cewa duk mai ɗan uwa a waje ya sa ya turo saƙon murya, ya faɗi yadda suke azumi a can. Muna son shirin. A nan muka ji wani ɗalibi a Masar yana ba da labarin fitilun da ake ratayawa a tituna, wani kuma a Ingila ya ce sanyi ne ke damunsa, ba ƙishirwa ba, har masu cire mini albasa suka ce ya zo su yi musaya da shi. Ni na roƙi Nafi'u ya yi saƙon, don Inna ta ji muryar ɗanta a rediyo.

2. Ranar shida ga wata saƙon ya iso, tsawonsa minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Na saurara ni kaɗai a bakin lambu, sannan na kwafe shi a littafina kalma bayan kalma. A minti na farko Nafi'u ya yi gaisuwa, ya ba da labarin dogayen teburan da mutanen garin ke shimfiɗawa a bakin titi gabanin magariba, da dabino da madara da wani romon nama da suke kira shurba, kowa ya zo ya zauna, ba a tambayar ko kai wane ne. Ya yabe su ƙwarai, kuma ban ga dalilin da zai yi ƙarya ba.

Sai muryarsa ta sauka. Ya ce shi sau ɗaya ya taɓa zama a wannan tebur. Ba shi da takardun zama, kuma inda jama'a suka taru nan ne ya fi tsoron a kama shi. Ya ce a benen da ba a gama ginawa ba suke shan ruwa, su bakwai, da burodi da ruwan jarka. Ya ce tarawihi a bayan tarin bulo suke yi, limaminsu wani ɗan Mali ne mai karatu ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa. Ya ce abin da ya fi kewa ba nama ba ne, kunun tsamiyar Inna ne, da mutum ya sha ruwa a ƙofar gidansu ba ya waige-waige. Ya rufe da cewa: "Yaya, don Allah ka faɗa ma Bashar kada shi biyo ni. Kada kowa shi biyo ni."

3. Ranar bakwai na tura wa mai gabatarwa saƙon gaba ɗayansa. A nan nake zargin kaina. Ya kamata in fara zaunar da Bashar ya ji. Ban yi ba, saboda Bashar ba ya iya ɓoye wa Inna komai a fuskarsa, ita kuma hawan jini ya sa ta a gaba. Na ce a raina in shirin ya zo, sai in janye ta da wata hira kafin a kai wurin mai nauyi. Dabara ce ta matsoraci, na sani.

4. Ranar tara ga wata, bayan la'asar, kuka sa saƙon. Ina riƙe da agogo. Minti ɗaya da daƙiƙa goma, aka tsaya daidai kan shurba, aka sa kiɗa. Mai gabatarwa ya yi dariya ya ce, ai da alama ɗan Aliero ya samu wuri, Allah ya sa mu a danshinsa. Inna ta ɗaga hannu tana hamdala, ta sa aka kai wa maƙwabta ƙosai. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sanyi na ji a raina a wannan lokacin.

5. Kwana biyu bayan nan Bashar ya same ni ina jera albasa a rudu, inda muke adana ta har ta yi daraja. Ya ce in ware masa kasonsa, zai sayar yanzu, bayan salla zai tafi Aljeriya wurin Nafi'u. Wanda ya san albasa ya san mai sayarwa a tsakiyar kaka ba ciniki yake yi ba, gudu yake yi. Ya ce su huɗu ne, biyu daga Karaye ta Maiyama, ɗaya daga Alelu, sun riga sun yi magana da wani direba a tashar Jega. Dukansu sun ji shirin. Matar Bashar tana da cikin wata shida.

Na sa hannu aljihu in kunna masa saƙon, sai na tuna. Ranar goma wayata ta suɓuce ta faɗa rijiyar lambu ina gyara bututun injin ban ruwa. Mai gyara a kasuwar Jega ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya miƙo mini. Na ɗauko littafina na karanta wa Bashar kalmomin yayansa. Ya saurara har ƙarshe, da ladabi, sannan ya ce: "Yaya, wanga rubutunka na. Ni muryatai na ji a rediyo, kuma lafiya lau shike."

Ban ga laifinsa ba. Ya san tun farko ba na son tafiyar, kuma ya ji ɗan uwansa da kunnensa yana yabon tebur.

6. Na ari waya na kira Nafi'u ranar sha biyu, da sha huɗu, da sha bakwai, da jiya. A kashe take. Ban san abin da hakan ke nufi ba, kuma ba na son in yi zato a wata mai alfarma. Abin da na sani shi ne, yanzu a duniya babu inda sauran minti ukun nan suke sai a wurinku.

7. Na zo ranar sha uku, aka ce mai gabatarwa ya fita. Na dawo ranar sha takwas na same shi. Bai wulaƙanta ni ba, har kujera ya ba ni. Ya ce shirin na faranta wa mai azumi ne, ba a son abin da zai tayar da hankali gab da shan ruwa, kuma lokaci ƙayyadadde ne. Ya ce zai duba ko saƙon yana nan. Na yarda akwai hikima a maganarsa, na ma juya ta a raina a kan babur har gida. Amma ranka ya daɗe, kun ce za ku faɗa mana yadda Musulmi ke azumi a wasu ƙasashe. Mai teburin Musulmi ne, wanda ke bayan bulo ma Musulmi ne, a gari ɗaya, ladani ɗaya suke jira. Kun nuna mana azumin mai gida, kuka kira shi azumin baƙo.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Na farko, a nemo saƙon a sa shi cikakke, a wannan shirin, a wannan lokacin, kafin a ga watan salla. Na san za ku iya tura mini shi kawai, kuma ko hakan na samu zan gode. Amma Bashar ba shi kaɗai ya ji rabin ba, kuma ni ba ni da hanyar zuwa kowane gida a Karaye da Alelu. Na biyu, in za a rage maganar wani nan gaba, a tambayi wanda ya kawo ta.

Na san Inna za ta ji. Ba ta taɓa barin shirin ya wuce ta ba tun ranar tara ga wata, kullum tana sa ran za a maimaita. Wannan karon ba zan janye ta da hira ba. Zan zauna kusa da ita a kan tabarma, da maganinta a aljihuna, in sa Bashar ya zauna a ɗaya gefen. Ku dai ku sanar da ni ranar.

Allah ya karɓi ibadarka, ya tsare maka 'ya'yanka a inda idonka ke ganinsu, ya dawo da na kowa gida.

Wassalam.

Sanusi, mai lambun albasa,
Aliero.