Simintin Zauren Baba

Yamai, Afrilu 2021

Yaya Zuwaira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Bayan haka, na ba Ɗanjuma direba siminti ya kawo miki unguwar Zango a Damagaram. A shafe bangon zauren Baba da shi, a bar zanen da marigayi ya yi da hannunsa a saman ƙofa. Na gaji da ganinki kowace bazara cikin wahalar yaɓe, ga girke-girke wa danginmu na ƙauyen Dakusa masu zuwa taya mu. Daga bana kin huta.

Ƙaninki,
Mansur

Damagaram, Agusta 2023

Mansur,

Ina gaishe ka, ya aikin koyarwa a makarantar lise? Zauren Baba ya faɗi ranar Talata da hantsi. Alhamdu lillahi, ba wanda ya ji ciwo. Ashe ruwa na shiga ta wata 'yar tsaga, simintin ya hana shi fita, ƙasa tana ruɓewa ta ciki, mu muna kallon waje sumul. Daga zanen, ɓalli ɗaya na tono, bai fi tafin hannu ba, na sa shi a kwalla. Na yi kuka.

Abin da ya fi ci mini rai, tun da muka daina yaɓe ƙafar 'yan Dakusa ta ɗauke. Kawu Sulaiman ya rasu, sai bayan sadakar bakwai labari ya iso mu.

Allah ya jiƙan magabata.
Zuwaira

Yamai, Satumba 2023

Yaya,

Na karanta, zuciyata ta ƙi daɗi. Jiya ina koya wa ɗalibai wata kalmar Ingilishi mai nufin tsananta matsala. Tushenta Latin ne, wato ɗora nauyi a kan abu. Ina faɗa bangon nan ya faɗo mini a rai, na kasa ƙarasa darasin. Zan aiko da bulo da ƙarafa a yi gini mai ƙarfi.

Ki huta lafiya.
Mansur

Damagaram, Oktoba 2023

Mansur,

Gaisuwa. Kada ka aiko da komai. Na je Dakusa da ƙafata na yi ta'aziyya, sun ce suna gama girbi za su zo. Ƙasar zauren tana nan tsibi guda, ita za a sake kwaɓawa. Masu taka ta muke nema. Ka taho da tsohon wando.

Yayarka,
Zuwaira