Asusun Likita da Fanshon Kawu

Kawu Sale,

Assalamu alaikum. Ya jikin naka, ya Inna da yara? Mu nan Madina lafiya lau.

Jiya ina tuƙa maigidana likita zuwa Yanbu, yana ta yabon asusun ajiyar da ya buɗe a gida, wanda ba a cire wa haraji. Ya ce, "Gaya wa kawunka ya riƙa zuba fanshonsa." Na ce, "Likita, nasa a kantin magani yake ƙarewa." Ya yi dariya. Wallahi hassada ta kama ni. Shi mai rara aka yafe wa, kai da ka tsufa kana koyarwa me za ka ajiye?

Ka yi min addu'a zuciyata ta huce. A gaida maƙwabta.

Ɗanka,
Habibu