Daƙiƙa Goma na Shiru

Zomba,
14 ga Yuni.

Zuwa ga yayana Twaibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mwanaisha da yara. Allah Ya tsare ku a baƙon wuri, Ya sa wa aikinka albarka. Mu nan Zomba lafiya lau. An gama girbin masara, ta kuma yi kyau bana. Ƙafar Gwaggo Abiti Mdoka ta yi sauƙi har ta koma sayar da busasshen kifinta a kasuwa. Bakinta kuwa ka san dama bai taɓa ciwo ba.

Ka tambaye ni a waya me ya sa Baba ya rame a hoton da na turo, na ce maka sanyi ne. Ba sanyi ba ne, Yaya. Laifina ne, kuma na fi iya rubuta shi da faɗarsa da baki.

Ka san tsohuwar kwamfutar Baba, wadda makarantar makafi ta bar masa da ya yi ritaya, da ɗan akwatin nan mai karanta masa rubutu da murya kamar ta mai mura. Abin da ba ka sani ba, don ni ma sai bana na sani, shi ne abin da ke cikinta. Shekaru biyun da aka tura Mama aikin jinya Karonga muna ƙanana, wasiƙu take buga masa, ta sa a ɗan ƙaramin faifai, ta ba direban bas. Ta yi haka ne don kada wani mai ido ya shiga tsakaninsu ya karanta masa. Guda sittin da uku ne. Tun rasuwarta, kowace Juma'a in ya sauko daga masallaci, yakan rufe ƙofa ya saurari ɗaya. Da na ce ya bari in riƙa karanta masa, sai ya tambaye ni, "Ke aka rubuta wa?"

A watan Afrilu faifan ajiyar da ke cikinta ya fara ƙara, ƙas ƙas, alamar ya kusa mutuwa. Baba ne ya fara ji, ni da nake koyar da kwamfuta ban ji komai ba. Na je Limbe wurin Che Jafali mai gyara, ya tono mini tsofaffin faifai biyu masu lafiya daga ƙasan tarkacensa, yana ta yi mini tsiya wai mutane na binne irin waɗannan, ni ina zuwa neman musu aure. Na kwafe komai na Baba a kan ɗaya, da wasiƙun da tsohuwar manhajarsa ta DOS, don akwatin maganar ba ya aiki da kowace sai ita. A kan ɗayan kuma na sa sabuwar manhaja mai suna Linux, saboda ka daɗe kana so Baba ya riƙa jin saƙonninka da kansa, tsohuwar kuwa ba ta san hanyar intanet ba. Na yini ina fama da wayoyi kafin injin ya yarda ya ga faifan biyu tare. Da ya gani, ji na yi kamar ni na ƙera shi.

To, in kwamfuta tana da manhaja biyu, da an kunna ta sai ta nuna sunayensu a allo, ta jira daƙiƙa goma mutum ya zaɓa. In bai zaɓa ba, sai ta shiga ta sama. A wannan lokacin babu muryar da ta farka tukuna, rubutu ne kawai a allo. Ni kuwa sabuwar na sa a sama, don da ita nake alfahari. Na gwada ya fi sau ashirin, kowane sau da idona, ban ga matsala ba. Ban gaya wa Baba komai ba, wai ina so in dawo in ba shi mamaki. Washegari na tafi Lilongwe duba takardun jarrabawa na kwana tara. 'Yar makaho, wadda ta tashi tana jan hannunsa, ta manta ubanta ba ya ganin allo.

Ranar Juma'a ya rufe ƙofa ya kunna. Ya ji shiru, sannan wata baƙuwar murya mai santsi ta yi masa maraba. Ya danna abin da ya saba dannawa shekara da shekaru, ba abin da ya fito. Ya kashe ya sake kunnawa, ita ce dai. Sai ya ɗauka na share komai. Kullum ina kiransa a waya, kullum yana ce mini lafiya lau, in mai da hankali ga aikina. Gwaggo ce ta tare ni a bakin ƙofa ranar da na dawo, ko jaka ban ajiye ba. Ta ce, "Sannu malamar ilimi. Me kika yi wa ɗan'uwana? Kwana bakwai ina kai masa tuwon nsima ina kwashe shi yadda na kai."

Na same shi zaune, an lulluɓe kwamfutar da zanen Mama. Da na tambaye shi, ya ce ba komai, ya san ba da gangan na yi ba, kuma dama ya haddace fiye da rabi. Wannan maganar ta fi mini zagi ciwo, Yaya. Mutum ya yi makokin matarsa karo na biyu shi kaɗai, yana ɓoyewa don kada ran 'yarsa ya ɓaci. Na durƙusa na ce masa duk suna nan, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Bai yarda ba. Ya ce kada in lallashe shi, shi ba yaro ba ne.

A gabansa na gyara. Na mai da tsohuwar sama, na sa injin ya yi ɗan ƙara, ƙit, in lokacin zaɓi ya zo. In ya ƙyale, ta Mama ce za ta buɗe. In ya danna maɓallin ƙasa, wanda na manna wa ɗan dutsen ado daga abin wuyan Mama, sai ya shiga sabuwar, mai saƙonninka. Sannan na ɗaure idona da ɗankwali na gwada, abin da ya kamata in yi tun farko. Saboda haka ina roƙonka ka bar maganar aiko masa da sabuwar kwamfuta. In za ka taimaka, ka nemo mana irin wannan akwatin maganar ko da tsoho ne, don shi kaɗai ne ba mu da madadinsa.

Da na gama, na ɗora hannunsa a kan makunni. Ya kunna, aka yi ƙit, ya naɗe hannuwansa muka jira goman nan tare. Muryar mai mura ta tashi. Sai ya ce, "Asiyatu, fita, ki ja mini ƙofa." Na fita, amma Allah Ya yafe mini, ban yi nisa ba. Na ji akwatin ya fara da abin da Mama take fara kowace magana da shi: "Malam, ka ci abinci kuwa?" Sai Baba ya ce, "Ban ci ba, amma yanzu zan ci."

Ka gaishe mini da Anti Mwanaisha, da Jamila da Yusufu, da Kawu Amidu in kun haɗu a masallaci. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce hoto ba zuwa ba ne. Baba ya ce ka turo saƙon, ya san inda dutsen yake. Allah Ya ji ƙan Mama, Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai neman afuwa,
Asiyatu.